A Gidanmu Ba a Cewa Lafiya Lau

Mahaifina haƙar rijiya ya yi har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Duk unguwar da muka zauna ba wanda ya damu da sanin sunansa, Mai Rijiya kawai ake ce masa, mu kuma mu ce Baba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kuwa in ya shafa maka kai sai ka ɗauka da buhu aka goge ka. Ba shi da yawan magana. Amma akwai kalma biyu da in ka kuskura ka faɗa masa, ranar sai ka sha surutu har kunnenka ya gaji, wato "lafiya lau".

Ba a gaisuwa nake nufi ba. In maƙwabci ya ce masa ina kwana zai amsa lafiya lau kamar kowa, ai ba taɓaɓɓe ba ne. Amma in ya tsayar da kai a tsakar gida, ya dube ka ya ce "Yaya jikinka?" to ba gaisuwa yake yi ba, tambaya ce, kuma amsa yake jira.

Daga wurin aikinsa ya kwaso wannan hali. Wanda bai taɓa leƙa rijiyar da ake haƙa ba yana ɗauka ƙasa ce abin tsoro, kada ta rufto. Baba ya ce ƙasa tana da kunya, kafin ta rufto sai ta zubo maka ɗan yashi a wuya tukuna. Iska ce ba ta sallama. Can ƙasa inda mutum yake tsugune da gajeren diga, bokiti yana sauka yana hawa a gefensa, iskar takan lalace ba wari ba launi. Kafin a shiga ana zura fitila a ga ko za ta mutu, amma fitila labarin safiya kaɗai take bayarwa. In an buɗe wata ƙasar daban, ko an tayar da injin zuƙe ruwa a bakin ramin hayaƙinsa ya gangara, to ba ka da wata fitila sai jikinka. Shi ya sa ake ɗaura wa mai shiga igiya a ƙugu, ɗaya bakin yana hannun na sama. In ka ja sau ɗaya, kana nan ke nan. In ka yi ta ja, a fito da kai ba tambaya.

Baba ya san alamomin kamar yadda ya san 'ya'yansa. Hamma ce take fara zuwa, sai nauyi a bayan ido, sai kunne ya kama ƙara kamar rediyon da aka bari ba tasha. Ta ƙarshen ita ce muguwar, wani daɗi ne da yake saukar wa mutum, ya ji bari ya ɗan jingina da bango ya huta. Wanda ya kai nan ba ya jan igiya. Saboda haka duk bokitin da ya cika ya tura sama, kafin na gaba ya sauko sai ya ajiye diga, ya bi jikinsa daga kai har ƙafa ya ji abin da ke ciki. Abokan aikinsa suna masa tsiya, wai Mai Rijiya yana gaisawa da hanjinsa. Bai taɓa kula su ba.

Mu uku ya haifa, Yaya, ni, sai Auta, kuma dukanmu sai da muka shiga rijiya a kan tabarma. Haka yake kiran wasan. In ya dawo da yamma ya yi wanka, sai ya ɗauko wani guntun tsohuwar igiya, ya zaunar da ɗayanmu ya jingina da bango, ya ba shi baki ɗaya ya riƙe ɗaya.

"Rufe ido. Mun sauka goshi. Me ka tarar?"

"Ba komai."

"Ba komai ba amsa ba ce. Zafi ko sanyi? Nauyi ko sakayau? Yana motsi ko yana tsaye?"

Haka za a gangara, ido, muƙamuƙi, maƙogwaro, ƙirji, ciki, har tafin ƙafa. In ka tarar da abin da ba ka gane ba sai ka ja igiya, a tsaya a wurin a duba. Auta bai taɓa kaiwa ƙafa ba, daga gwiwa barci yake kwashe shi. Yaya kuwa da wasan aka kama shi. Yana da wani ciwon ciki da yake tasowa da safe, Inna ta gama ba shi magunguna a banza. Baba ya bi shi a hankali, ya gano ciwon a saman cibiya yake, yana matsewa kamar an ƙulle bakin jaka, kuma ba ya zuwa sai ranar da suke da lissafi. Ya ce masa, "Wannan ba ciwo ba ne, tsoro ne ya sami wurin zama. Yanzu ka san sunansa. Ɗauki jakarka." Yaya ya so a ce an bar shi da ciwon cikinsa.

Ni abin da na samu shi ne fushina daga kunne yake farawa. Har yau in kunnuwana suka ɗau zafi a wurin aiki, na san saura ƙiris in gaya wa shugabar layinmu a kamfani abin da zai sa a sallame ni, sai in tashi in je in sha ruwa. Ba kullum nake kaiwa ga ruwan ba, gaskiya.

Inna, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa son wasan ba. Tana tsintar shinkafa tana hararar mu.

"Mutane suna koya wa 'ya'yansu dauriya, kai kana koya musu ƙorafi."

"Ƙorafi shi ne a ce wayyo," in ji Baba. "Wannan bayani ne."

"To lafiya lau ɗin ai godiya ce ga Allah."

"A gode masa, sannan a faɗi inda yake ciwo. Shi ya halicci wurin, ba zai ji haushi don an ambace shi ba."

Sai ta ja tsaki ta ci gaba da tsintarta. Amma ranar da haƙorinta ya kumbura na ji ta da kunnena tana gaya wa mai magani cewa ciwon yana bugawa ne, ba ja yake ba, kuma yana hawa zuwa kunne.

Muka girma, kowa ya kama gabansa. Motocin haƙa burtsatse suka shigo, aikin Baba ya ja baya, gwiwoyi suka ƙarasa sauran. Bayan rasuwar Inna na ɗauko shi ya dawo wurina, na gyara masa ƙaramin ɗakin da yake kusa da kicin. Kayansa ba su cika jaka biyu ba, amma guntun igiyar nan yana ciki. Mijina direban babbar mota ne, in ya tafi sai an gan shi. Ni kuma ina aiki a kamfanin sabulu, ɓangaren da ake naɗewa a zuba a kwali, a tsaye daga safe har la'asar. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu. Baba ne ya sa mata Barkono, don tun tana zanin goyo in ta tsala ihu har maƙwabta sai sun leƙo, sunan kuma ya bi ta har makaranta.

Barkono da sikila aka haife ta. Ga wanda bai sani ba, jinin ne yakan cushe a ƙananan jijiyoyi, ƙashi ya kama ciwo kamar ana sara. Likitarta wata mata ce mai gilashi da ba ta iya kwana-kwana ba, shi ya sa nake son ta. Ta zaunar da ni ta ce, "Ciwon hannu da ƙafa kuna iya farawa a gida, ruwa da yawa, ɗumi, da maganin da na rubuta. Amma zazzaɓi, ko ƙirji, ko numfashi, kada ku jira komai. A ciwon nan wanda ya zo da safe da wanda ya zo da yamma ba abu ɗaya muke tararwa ba. Kuma ni ba a cikin jikinta nake ba, ke ma haka. Ita ce za ta gaya mana."

Nan fa gizo yake saƙa, don yarinyar da ta cika unguwa da ihu tana jaririya, tana yin wayo sai ta kulle bakinta. Ba wauta ba ce, lissafi ta yi irin na yara. Ta lura duk ranar da ta ce tana jin ciwo, ranar ba makaranta, ba wasa, sai allura da ƙarin ruwa, ni kuma fuskata ta canja. To sai ta daina faɗa. Ka tambaye ta, ta ce lafiya lau tana murmushi, alhali ta dunƙule hannu a bayan siket. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi alkawarin kaza da kaza, duk a banza. Taurin kan nan na san inda ta samo shi, ba sai an gaya mini ba.

Tana aji biyu na firamare na dawo daga aiki wata rana na neme ta na rasa. A bayan ƙofar banɗaki na same ta a ƙudundune, ta cusa tawul a baki tana cizo don kada Baba ya ji. Tun safe abin ya fara, ta je makaranta da shi ta dawo da shi. Wannan kwanciyar asibitin ta yi tsawo, har jini sai da aka ƙara mata. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da abin da yake faɗa. Gwaggonta, yayar babanta, ta shafa kanta ta ce, "Kai, yarinyar nan akwai dauriya. Ko uffan ba ta cewa. Jaruma ce." Na ga Barkono ta ɗan ɗaga haɓa tana jin daɗi. Baba yana zaune a kujerar roba a kusurwa, sandarsa a tsakanin ƙafafu. Da Gwaggo ta fita ya bi ta baranda yana ɗingishi, ni kuma na bi bayansa don na ga fuskarsa.

"Hajiya, don Allah ina roƙon arziki," ya ce. "Ki yabe ta a kan karatu, ki yabe ta a kan kyau. Kada ki sake yabon ta a kan shiru."

Gwaggo ta yi fushi, ta daɗe ba ta taka gidanmu ba. Ni dai ban bi ta da ban haƙuri ba.

Da muka dawo gida ya ciro igiyar. Na ce a raina, to, mu da muke da lafiya an yi da mu, bari mu ga yadda za ta kaya da wannan. Ranar farko ta riƙe igiyar da yatsa biyu kamar an ba ta mataccen ɓera.

"Mun sauka goshi. Me kika tarar?"

"Goshi."

"Madalla, yana nan ashe. Zafi ko sanyi?"

"Baba Tsoho, ni fa na san wayonka. So kake in ce ciwo a kai ni asibiti."

"Wa ya yi maganar ciwo? Ke da ko kuɗin mota ba ki da shi."

Bai sake ambatar ciwo ba sai da aka daɗe. Shayi mai ɗumi yake ba ta ya ce ta kurɓa ta bi shi, ta gaya masa inda ya kai kafin ya ɓace mata. Ya ba ta ɓarin lemo ya tambaye ta ina tsamin ya fi kamawa, harshe ko ƙasan kunne. Ya yi mata cakulkuli a tafin ƙafa ya ce ta nemo inda dariya take farawa, ta ce a ciki, ya ce ƙarya ne a wuya ne, suka yi ta musu har na leƙo daga kicin na ce su rage mini hayaniya. Daga baya na tambaye shi me ya sa yake ta kewaye-kewaye. Ya ce yarinyar ba ta san jikinta da komai ba sai azaba, dole ta ƙi leƙa shi. Sai ta ga akwai abin daɗi a ciki kafin ta yarda ta shiga.

Sannan ya yi mata alkawari a gabana, ya sa ni ma na amsa. Ba duk jan igiya ba ne asibiti. Wani ruwa ne, wani tsumma mai ɗumi, wani a kwanta a huta. Abin da likita ta ware ne kaɗai ba a ciniki a kansa, wato zazzaɓi da ƙirji da numfashi. Ta saurara, amma duk da haka in an zo gwiwa ko baya sai ta ce ba komai, da sauri, kamar mai tsallake kwata.

Wata ranar hutu da hantsi ina wanki a bakin famfo, su suna kan tabarma, na ji ya ajiye wasan ya ce, "Bari in ba ki labarin Dogo." Na rage ƙarar ruwan, don ni da aka haifa a gidan ban taɓa jin labarin daga bakinsa ba.

Dogo abokin aikinsa ne tun suna samari, ƙato, mai ƙarfi kamar doki, ba a taɓa jin ya ce ya gaji ba. Suna haƙa wata rijiya a bayan wata makaranta, ƙasa ta fara danshi, kowa ya san ruwa ya kusa. Dogo ne a ciki, Baba ne a sama da igiya. Bokiti ya fara jinkirin cika. Baba ya leƙa ya ce, "Dogo, yaya?" Daga ƙasa aka ce lafiya lau. Ya ji kamar ana hamma, ya sake tambaya, aka sake ce masa lafiya lau, saura kaɗan. Daga nan bokiti bai ƙara motsi ba. Su huɗu suka taru suka jawo shi, ya fito kamar mai barci, fuskarsa ba alamar wahala.

Barkono ta buɗe ido. "Me ya sa bai ja igiyar ba?"

"Yana so a ce shi ya fito da ruwan."

"Kai me ya sa ba ka jawo shi ba?"

"Na tambaye shi, ya ce lafiya lau. Na yarda."

Ni na tsaya da rigar makarantarta a hannu, kumfa yana ɗiga a ƙafata. Can sai na ga igiyar ta motsa a hankali.

"Gwiwata ta hagu," ta ce, ba ta dube shi ba. "Tun jiya kamar akwai tururuwa a cikin ƙashin."

"Suna cizo ko tafiya suke?"

"Tafiya."

"To mun riga su. Uwar Barkono, a ɗora mana ruwan zafi."

Kada wani ya je ya ce na ce wasan igiya yana maganin sikila. Ba ya yi. Ta ci gaba da shan magungunanta, mun ci gaba da zuwa asibiti, wasu kwanakin sun yi muni duk da an faɗa da wuri. Amma yanzu muna samun labari tun abin yana bakin ƙofa. Ta gano nata alamomin da kanta, tururuwar nan, da wani sanyi a ƙasan baya, da ƙishin da ruwa ba ya kashewa. Har ta daina buƙatar igiyar, kowace safiya kafin ta sa takalmi sai ta zauna a bakin gado ta rufe ido na ɗan lokaci. Abin da ban sani ba shi ne ko za ta faɗa ranar da faɗar za ta raba ta da abin da take so da gaske. Baba ma bai sani ba, ya taɓa ce mini wannan ba a koyar da shi, sai ranar ta zo.

Shekarar da ta shiga sakandare Baba ya faɗi. Yana shan shayi da safe ya ajiye kofin ya ce mini, a nitse kamar mai aike, "Hannun nan na dama ba nawa ba ne, harshena kuma ya yi kauri. Nemo mota." Maganarsa ta ƙarshe ke nan da ta fita sosai. An ceto ransa, amma ɓarin dama ya tafi, magana kuma sai ƙoƙari da sauti. Ya koma kwance a ƙaramin ɗakin, maƙwabciyarmu tana duba shi in ina wurin aiki. Igiyar tana ƙarƙashin matashinsa, ba ya yarda a ɗauke ko za a canja zanin gado.

A shekarar ne aka zaɓi Barkono cikin waɗanda za su wakilci makarantarsu a gasar lissafi a wani gari mai nisa, tafiyar wuni guda a mota. Sai ka san yarinyar kafin ka gane girman abin. Duk rayuwarta ita ce wadda ake cewa ta zauna a inuwa ta riƙe wa mutane jaka. Ba gudu, ba yawon buɗe ido, ba komai. Wannan karon kanta aka zaɓa, ba wanda ya yi mata alfarma. Ta yi ta karatu har a kan abinci, ta wanke farin takalminta ta shanya a taga, ta zauna a gefen gadon Baba tana yi masa bayanin lissafin da ko ni ban gane ba, shi kuma yana gyaɗa kai kamar ya sani. Likita ta duba ta ta ce tana iya tafiya, ta ɗauki ruwa da rigar sanyi.

Ranar tafiyar na raka ta har ƙofar makaranta, na ga ta hau motar ta zauna a bakin taga, na wuce aiki. A kamfaninmu waya a akwatin ƙarfe ake barin ta a bakin ƙofa. Ban daɗe da fara naɗe sabulu ba mai gadi ya shigo ya ce wayata tana ta kuka ba ta tsayawa. Shugabar layi ta buɗe baki za ta yi magana, na dube ta, ta rufe.

Kiran daga makarantar ne, da na isa na tarar da motar ta tafi. Barkono tana zaune a benci a gefen ɗakin mai gadi, jakarta a cinya, farin takalmin nan a ƙafa, idonta a bushe. Malamar ajinsu tana tsaye a kanta duk ta rikice. Ta ce direba ya tayar da mota ke nan yarinyar ta miƙe ta ce a buɗe mata ƙofa. An taɓa goshinta ba zafi, an ce ta daure ko zai wuce a hanya, ta ce a'a. Sun jira har direba ya fara faɗa, sannan aka ɗauki wata a madadinta.

Na durƙusa a gabanta. "Ina ne?"

"Ƙasan haƙarƙarin dama. In na ja numfashi kamar ana danna yatsa. Ba irin na ƙafa ba ne, sabo ne. Da na tashi babu shi, a mota na same shi."

Na dube ta sama da ƙasa, wallahi ban ga komai ba. Yarinya tsaf, har da man leɓe. Zuciyata ta ce a tari tasi a bi motar, ba su yi nisa ba, wata nawa tana jiran ranar nan. Na ce, "Kin tabbata?"

"Mama, kada ki sake tambaya ta," ta ce. "In kika sake, zan ce lafiya lau."

Ban sake ba. Tasin da na tara asibiti ya kai mu.

Da farko ko a hoton ƙirji ba a ga wani abin kirki ba, amma likita ta ce ba inda za mu, a ba ta gado a fara magani. Kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ta, numfashi ya koma sama-sama, aka sa mata robar iska a hanci. Na zauna ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka ina karanto duk addu'ar da na iya. Da abin ya lafa bayan kwanaki, likita ta cire gilashinta tana gogewa ta ce mini, "Da a kan hanya wannan ya same ta, ban san abin da zan gaya miki ba yau." Ta wuce gado na gaba.

A kwanakin nan nakan je gida in yi wanka in duba Baba. Ranar farko na ce masa, "Tana asibiti, amma da sauƙi." Ya kafe ni da idon nan nasa har sai da na ji kunya, ni da furfura ta fara fito mini. Na zauna na ba shi bayani yadda ya koya mini, wane gefe, wane irin numfashi, me aka sa mata. Na buɗe baki zan gaya masa yadda ta sauko daga mota, sai na fasa, don labarinta ne. Ya daina cin abincin kirki, idonsa kullum a ƙofa.

'Yan makarantarsu suka ciyo gasar. Ƙawayenta suka zo dubiya da hoton kofin a waya, da wadda aka ɗauka a madadinta tana riƙe da shi. Barkono ta yi musu murna da baki. Da suka fita ta juya ta fuskanci bango, ta yi kukan da ba ta yi wa allura ba. Ban ce mata akwai wata shekarar ba, don ban sani ba ko akwai.

Da rana tsaka aka sallame mu. Tana shiga gida ko takalmi ba ta cire ba ta wuce ɗakin Baba, ni ina biye da kaya. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta rame, fuskar nan a murtuke.

"Baba Tsoho, na ja igiyar taka," ta ce. "Ina cikin mota, a bakin taga, na ce a sauke ni. Sun tafi sun bar ni. Sun ciyo kofi ba ni. Ka ji daɗi?"

Bakinsa ya motsa, ba abin da ya fito. Ya tura hannun hagu ƙarƙashin matashi yana lalube har ya ciro igiyar, ya jefa mata baki ɗaya. Bai kai ba, ya faɗi a ƙasa tsakaninsu. Ta daɗe tana kallon sa kafin ta sunkuya ta ɗauka.

Sai ya fara ja. Da hannu ɗaya, yana ja yana danne abin da ya jawo da haɓa, ya sake kamawa ya ja. Ƙarfin da ya rage masa bai kai ya jawo kyanwa ba, ita ce take takowa, amma ba ta riga igiyar ba, sai ya ja take ɗaga ƙafa. Gumi ya feso masa a goshi. Bai tsaya ba sai da ta iso bakin gadon, ya saki igiyar ya kama wuyan hannunta ya riƙe gam. Hawaye yana gangara ta gefen fuskar da ba ta motsi. Ni ma kuka nake, da ledar magani a hannu.

Da ya huta ya ɗaga yatsa ya taɓa goshinta, yadda yake fara wasan. Ta rufe ido.

"Goshi sakayau," ta ce. "Maƙogwaro ya toshe, haushinka nake ji. Ƙirji ya saki." Ta dafa cikinta. "Ciki kuma yunwa."

Na ajiye ledar a bakin ƙofa na tafi na ɗora tukunya, na auna shinkafa har da rabon Baba a ciki.